Wiebe Mai Gada da Shafi na 212

Shekara talatin da uku Wiebe Talsma ya yi yana ɗaga gadar ƙauyenmu yana sauke ta, kuma kafin abin da zan ba ku labari ban taɓa ganin ya makara da minti ɗaya ba. Ni ya kamata in sani, don rumfar da nake soya kifi tana gindin gadar, taku goma daga ɗan ɗakinsa mai gilashi. Tare muka yi firamare. Tun a lokacin shi ne yaron da ke ɗaga hannu ya tuna wa malami cewa an manta ba a ba mu aikin gida ba.

Aikin a ido ba wani abu ba ne. Jirgin ruwa ya zo ya danna oda. Wiebe ya kunna jar fitila, ya sauke sandunan tare hanya, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya murɗa mukulli, gada ta miƙe tsaye. Jirgi ya wuce, ya rubuta sunansa a rajista, ya sauke gada. Amma ka kuskura ka ce masa aikin danna maɓalli ne, sai ya yi mako bai sayi kifinka ba. Ruwan ya raba ƙauyenmu Jorsyl gida biyu. Gidan burodi da makaranta da ni muna wannan tsallaken, coci da likita da maƙabarta suna wancan. Wiebe yakan ce ba mai cin burodi ko ya shiga kabari a garin nan sai da izininsa. Ba da wasa yake faɗa ba. Wiebe bai iya wasa ba.

Har zuwa shekara uku da suka wuce, littafi ɗaya ya taɓa karantawa daga bango zuwa bango, littafin dokokin hanyoyin ruwa, kuma sau shida ya karanta shi. Sai wata Talata da aka wuni ana ruwa, ba jirgi ko ɗaya, ya buɗe jakar abincinsa ya tarar da littafin matarsa Rinske a ƙarƙashin burodi da cuku. Rinske ta ce kuskure ne. Na san Rinske. Ba ta kuskure da jakar abinci.

Sunan littafin Ƙofar Gishiri. Labarin wani Aldrik ne da aka rantsar ya tsare wata ƙatuwar ƙofa mai tare teku, kada ta shanye garuruwa bakwai. Shekara ɗari uku yana tsaye, ba tsufa ba hutu. Sai wata 'yar ruwa mai suna Maris ta fara zuwa bayan ƙofar duk lokacin da teku ta cika. Shi ba shi da ikon buɗewa, ita ba ta da hanyar shigowa. A duk cikin shafi ɗari biyar sau ɗaya yatsunsu suka haɗu, ta ramin mukulli, kuma an ce a daidai wurin nan matan ƙasar nan kaf suka ajiye littafin suka je suka sha ruwan sanyi.

Kwana huɗu bayan Talatar nan Wiebe ya zo rumfata, idanunsa jajir.

"Hylke, akwai mutum a littafin nan."

Na ce, "Littafi ai ba ya rasa mutum."

"Ba irin wannan ba. Shekara ɗari uku bai bar bakin aiki ba. Ko fitsari."

"Yarinyar fa?"

"Tana zuwa a kan lokaci," in ji shi, ya share ido da takardar naɗe kifi.

Shekara biyu ya yi yana jiran littafi na biyu. Duk Juma'a in motar laburare ta tsaya a kan gada sai ya ƙwanƙwasa gilashinta ya tambaya, har direban ya koma girgiza masa kai tun daga nesa. Da littafin ya fito a watan Yunin bara, Rinske ta sayo guda biyu don a zauna lafiya. Ita ta cinye nata a kwana uku, ta yi ta yawo a gari tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Shi kuwa shafi goma yake yi a rana, a tsakanin jirage, wai kada ya ƙare da wuri.

Asabar ta biyu a watan Yuli, ƙarfe goma da minti goma, ya ɗaga gada wa wani jirgin Bajamushe mai tafiyar hawainiya. Kafin jirgin ya gama wucewa ya ce bari ya ɗan leƙa littafin. Ya leƙa shafi na 212.

Minti arba'in da bakwai gadar ta yi a tsaye.

Minti ashirin na farko ba wanda ya ce uffan. Duk mun ɗauka in Wiebe ya bar gada a sama, to lallai akwai jirgin da yake gani mu ba ma gani. Motoci suka jeru, kekuna suka jeru. A gaban layin kuwa motar amarya ce, 'yar mai gidan burodi, ango yana can tsallake a ƙofar coci yana ɗago mata hannu. Ni dai ban yi gaggawar tashi ba, don masu jira sun fara jin yunwa, kuma ba mutunci ba ne ka bar mai yunwa a tsaye. Sai da uwar amarya ta fito da takalminta a hannu, ta nufo ɗakin gilashin, na riga ta isa.

"Wiebe! Gada!"

Ya fito fuskarsa fara fat, yatsansa a cikin littafin.

"Ya bar ta a buɗe," in ji shi.

"Mun gani. Sauke ta."

"Ya jefa mukullin a ruwa, Hylke. An sace Maris, shi kuma ya bi ta. Teku na cika, ya bar ƙofa a wangale ya bi yarinya! Garuruwa bakwai fa! Da yara, da shanu!"

"Wiebe, ɗan ɗaga kanka ka dubi sama."

Ya ɗaga. Ya daɗe yana kallon gadar kamar wani ne ya zo da ita ya jingine a nan. Sannan ya koma ciki, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya sauke ta. A rajista ya rubuta laifin da hannunsa, har da jan layi a ƙasa.

Ba a yi mako ba takarda ta zo daga ƙaramar hukuma. Dama sun daɗe suna son kafa kyamara a gadar, wani ya riƙa ɗaga ta daga ofis a birni yana shan kofi. Abin da ya hana su kawai shi ne ba su taɓa samun Wiebe da laifi ba. Yanzu sun samu ɗaya. Takardar ta ce in aka ƙara samun na biyu kafin ƙarshen Satumba, lokacin da jirage ke daina yawo, za a karɓi mukullin. Ta kuma ce za a turo jami'a ta kawo masa ziyarar ba-zata ranar Alhamis, sha huɗu ga Satumba, daga ƙarfe goma zuwa uku. Wiebe ya rubuta a kalandar kicin.

Duk mai hankali da ya ga takarda irin wannan sai ya saka littafin a murhu. Wiebe ya ajiye shi a kan tebur, a buɗe a shafi na 212, ya ƙi ci gaba, ya kuma ƙi rufewa. Gada dai ba ta sake makara ba. Amma duk jirgin da ya zo wucewa, in ya hango mace kwance a sama tana shan hantsi da littafin mai koren bango, sai ya leƙo ta taga.

"Baiwar Allah, kin kai 212?"

"A'a, ina shafi na tamanin."

"To ki shirya. Zai bar ƙofar."

Wata ta jefe shi da tuffa. Wata ta yi kuka. Na ce masa za a kai ƙararsa, ya ce ya duba, dokar hanyoyin ruwa ba ta hana mai gada sharhin littafi ba.

Matan garin suna da taron karatu duk Talata da yamma a gidan Beppe Sietske. Beppe na nufin kaka a yarenmu, ita kuwa kakar mutum shida ce kawai, amma duk garin haka muke kiranta, kuma shekararta tamanin da huɗu ba su hana ta komai ba. A watan Agusta suka sa littafin nan a gaba, Wiebe ya ce zai je bayan ya tashi aiki. Namiji bai taɓa zuwa ba. Ni na raka shi, don ya zana taswira a bayan wata tsohuwar takardar bango, kuma sai da mutum biyu take miƙewa.

Mata goma sha ɗaya muka tarar a da'ira, Rinske a cikinsu. Aka ba mu kofi da biskit ɗai-ɗai, aka rufe gwangwani.

Beppe ta ce, "To, ɗan Talsma, me ka kawo mana? Labule?"

"Garuruwa bakwai ne, Beppe. Na bi bayanin littafi na ɗaya na zana su. Wannan na farko yana ƙasa da teku da mita biyu, kamar mu. In ƙofa ta zauna a buɗe, cikin awa shida ruwa ya kai rufin coci. Gari na huɗu suna da tudu, wataƙila mutum ɗari su tsira, in sun bar shanu."

Matar likita ta ce, "Amma ka ga yadda ya faɗa ruwan? Ko riga bai tsaya cirewa ba."

"Ya cire," in ji Beppe. "Shafi na 213. Sau biyu na duba."

Aka kwashe da dariya. Wiebe bai yi ba.

"Ba rigar ce damuwata ba. Shekara ɗari uku yana aikin nan, bai horar da mataimaki ko ɗaya ba? Ba ƙararrawa? Ba takarda a jikin ƙofa? Ku da kuka gama littafin, ku gaya mini, me ya sami garuruwan?"

Matan suka dubi juna. Wata ta ce ita dai ba ta lura ba. Wata ta ce tana jin an ambace su a wani wuri, amma lokacin hankalinta yana kogon da suka fake su biyu.

"Kun gani! Mu da muke kwana ƙasa da teku! Kakanninmu da kwando suka tara ƙasar da kuke zaune a kai kuna cin biskit, ku kuma kuna tafa wa wanda ya bar ƙofa!"

"Kai, zauna, kana tare mana haske," in ji Beppe. "Namiji ya yi iyo kwana uku saboda mace, kai kana ƙirga shanu."

Sai Rinske ta ajiye kofinta a kan faranti, a hankali, har muka ji ƙarar.

"Wiebe. Da ni aka sace fa?"

"Wa zai sace ki?"

Na taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

"Ka ɗauka an sace ni. Kana kan gada. Me za ka yi?"

Wiebe mutum ne mai gaskiya, abin da ke kashe shi ke nan. Ya yi tunani sosai, har da kallon silin.

"Zan buga wa ofis su turo wanda zai karɓe ni. In ranar aiki ce, awa biyu ya iso."

"In Asabar ce fa?"

"Asabar da ɗan wuya."

"Na sani," in ji Rinske. "Ranar Asabar na haifi 'yarka, ƙarfe uku na rana. Ƙarfe bakwai da kwata ka shigo asibiti."

"A watan Agusta ne, Rinske! Jirgi sittin da biyu a ranar! Wa ke haihuwa ranar Asabar a watan Agusta?"

Beppe ta buɗe gwangwanin biskit, ta miƙa wa Rinske na biyu. A nan na san abin ya ɓaci. Muka naɗe taswirarmu muka fito.

Daga ranar Rinske ta yi shiru. Mu nan dama ba masu yawan magana ba ne, mata da miji sukan wuni da kalma goma, don haka sai da Wiebe ya yi mako biyu kafin ya gane shirun na musamman ne. Abinci dai yana zuwa a jaka. Ya ce mini cukun ne ya ga ana yanka shi siriri fiye da da.

Na ce, "Ka saya mata fure, ka ce Aldrik ya kyauta. Kalma uku ce."

"Bai kyauta ba."

"Na sani, sakarai. Ka faɗa kawai."

"Bari a wuce sha huɗu ga wata tukuna," in ji shi.

Ranar sha huɗu ta zo da iska. Ƙarfe goma daidai jami'ar ta sauka daga bas, doguwar mace da rigar ruwa rawaya da allon rubutu, ta ce sunanta Mevrouw Kalsbeek, wato Malama Kalsbeek, kamar yadda ake ce wa namiji Meneer. Wiebe ya sha guga har da aski. Jirgi goma sha ɗaya ya wuce da su a safiyar nan, kowanne kamar a littafin doka. Biyu daga ciki akwai koren littafi a sama, na ga leɓensa yana rawa, amma ya daure. Mevrouw tana ta yin 'yan alamu a takarda. Na fara cewa a raina mun tsallake.

Sha biyu saura minti goma sha huɗu, sai ga ƙaramin jirgin Minke, ƙanwar Rinske, ya ɓullo daga kwana. Minke na riƙe da sitiyari. A gaba kuwa Rinske ce zaune a kan babban akwatin da suka je yawon amarci da shi, sanye da kwat ɗinta ta zuwa coci.

Wiebe ya leƙo ta taga. "Ina zuwa?"

"Gidan Minke."

"Har yaushe?"

"Na dai kwaso kayan sanyi."

"Rinske, yau ake duba ni."

"Na sani, yana jikin kalanda. Minke, danna masa oda."

Minke ta danna. Doka kuwa a fili take, jirgin da ya nemi hanya a lokacin aiki sai a ba shi. Wiebe ya dubi Mevrouw, Mevrouw ta dubi allonta. Ya kunna jar fitila. Ya sauke sanduna. Ya leƙa hagu ya leƙa dama, ko kare babu a hanyar. Sannan ya murɗa mukulli ya ɗaga wa matarsa gada ta tafi ta bar shi.

Da jirgin ya zo daidai tagarsa Rinske ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Akwai miya a firji, ta kwana uku ce. In ta ƙare ka tambayi garuruwa bakwai."

Ya rubuta sunan jirgin a rajista, da lokaci. Ya sauke gada. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon agogon hannunsa.

Na yar da cokalin suya na zo. "Bi ta mana!"

"Saura minti goma sha ɗaya."

"Minti goma sha ɗayan me?"

"Hutun rana."

Daga sha biyu zuwa ɗaya duk gadojin yankin nan a rufe suke, masu gada na cin burodinsu, jirage na jira. A rayuwata ban taɓa ganin minti goma sha ɗaya masu tsawon waɗannan ba. Jirgin yana ƙanƙancewa a can cikin ciyayi, Wiebe yana tsaye ƙiƙam, gumi na bin sabon askinsa. Agogon coci na bugawa ya kulle akwatin maɓallai, ya ja ƙofa, ya gwada ta sau biyu, ya rataya allon hutu. Ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa.

"Hutun rana ne, Mevrouw. Sai ƙarfe ɗaya."

"Ƙarfe ɗaya, Meneer Talsma," in ji ta, ta nuna masa agogonta.

Ya hau keke ya bi gefen ruwa, iska na dukan ƙirjinsa. Bai yi nisa ba sai ga Beppe Sietske ta wuce mu fuu a kan kekenta mai batir, gyalenta na tashi. Ashe tun safe tana zaune a tagarta da hula a kai. Ta ɗaga mini waya a sama, alamar in riƙe tawa kusa.

Mevrouw ta zo rumfata ta sayi ɗanyen kifi da albasa. Na ajiye wayar a kan kantata, na ƙara mata murya. Mutane suka fara taruwa, har da mai gidan burodi da garin fulawa a hannu.

"Ya wuce gonar farko," in ji muryar Beppe. "Yana tafiya kamar mai jan garma. Ga ƙofar shanu, ya sauka, ya buɗe, ya wuce. Kai! Ya dawo ya rufe. Allah ya shirye ka, ɗan Talsma, wa ya aike ka?"

Ƙofar shanu uku ce a hanyar, kowacce sai da ya rufe ta ya gwada. Abin da ya taimake shi, gadar ƙauyen gaba ita ma tana hutu, dole Minke ta ɗaure jirgi ta jira. A nan ya cim musu, sha biyu da minti talatin da biyar. Mai gidan burodi ya yi lissafi a kan kantata da yatsa mai fulawa. In iska na bayansa, minti ashirin zai dawo da shi. Yana da minti biyar.

Beppe ta matsa kusa, muka ji su tar.

"Ka makara," in ji Rinske.

"Iska ce." Yana haki kamar tsohon famfo.

"Aldrik kwana uku ya yi yana iyo."

"Aldrik ba shi da ciwon gwiwa."

"To me ka zo yi?"

"Na zo in gaya miki har yanzu ina nan a kan bakana. Bai kyauta ba."

"Ka faɗa, na ji. Juya. Matar nan tana jiranka, iska kuma na bayanka."

Sai kukan tsuntsayen ruwa. Mu talatin muka sunkuya a kan waya ɗaya, mai yana ƙonewa a kasko ba wanda ya kula.

Beppe ta koma raɗa. "Yana kallon agogo. Yana kallonta. Ya koma agogo. Ya cire agogon! A'a, ƙaiƙayi ne, ya mayar. Ita ko kallonsa ba ta yi, tana gyara maɓallin kwat. Ya juya keken. Wayyo, ya juya keken, shashasha, ɗan shashasha, ubansa ma haka... Tsaya. Jingine shi yake yi. Ya sa masa kwaɗo. Jama'a, ya shiga jirgin! Ya zauna a kan akwatin!"

Mai gidan burodi ya rungume ni, ya shafe ni da fulawa. Sai muka sake jin muryar Wiebe, ƙasa-ƙasa.

"Ni dai na kulle tawa kafin in taho. A rubuta wannan."

"An rubuta," in ji Rinske. "Ungo burodi, ka bar jakarka."

"Biyu kika yo?"

"Ci ka yi shiru."

Ƙarfe ɗaya ta buga. Jirgi tara ne a layi, suka fara oda ɗaya bayan ɗaya. Mevrouw Kalsbeek ta dubi ɗakin gilashi ba kowa, ta dubi agogo, ta ɗauki takardar goge hannu ta share ido.

Na ce, "Albasar ce, Mevrouw?"

"Ba albasa ba ce. Sau uku na karanta shafi na 212, sau uku ina kuka."

"To ki kau da kai mana. Ƙaramin abu ne, ba wanda ya mutu. Kifin ma kyauta ne."

"Meneer, ƙarfe ɗaya da minti huɗu," in ji ta. Ta biya kuɗin kifinta, ta cire murfin biro, tana jan hanci tana rubutu.

Biyu da minti goma suka dawo, Rinske a bayan keke ta zauna a karkace kamar 'yar shekara sha bakwai, akwatin a gaba, Wiebe ba ya ganin hanya sai ta gefe. Ya sauke ta, ya buɗe ɗaki, ya wuce da jirage goma sha shida ba tare da ya kalli kowa ba. Da ya gama Mevrouw ta miƙa masa takardar ya sa hannu. Ya karanta, ya ce akwai gyara. Ta rubuta minti sittin da takwas, alhali saba'in ne cif. Ta gyara, suka yi musabaha.

Ranar talatin ga Satumba ya kai mukullin ofis da kansa, a cikin ambulan, da takarda mai shafi huɗu a kan yadda gadar ke so a bi da ita in an yi zafi.

Cikin hunturu Wiebe ya gama littafin, Rinske na gefensa tana saƙa. Sai a shafi na 530 aka tuna da garuruwan, a layi ɗaya, wai teku ta ga girman soyayyar ta tsaya a bakin ƙofa don kunya. Rinske ta ba ni labari cewa ya rufe littafin, ya sa kwat, ya tafi ya tsaya a kan ganuwar teku awa guda cikin sanyi. Da ya dawo abin da ya ce kawai, "Matar da ta rubuta wannan a kan dutse aka haife ta." Washegari ya sa sunansa a layin masu jiran na uku.

A watan Mayu aka kafa kyamarori huɗu da wani ɗan akwatin magana a jikin turke. Ɗakin gilashin yanzu tsintsiyoyi ake ajiyewa a ciki. Lahadin farko bayan nan Minke ta ara musu jirgi, wai su ɗan zaga. Ina rumfa na hango su, Rinske a sitiyari, Wiebe a tsakiya sanye da rigar ceto har wuya, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Ashe mutumin nan tsoron ruwa yake, ba wanda ya sani. Rinske ta danna maɓallin turken, wata murya daga birni ta ce musu barka da hantsi, gada ta tashi ita kaɗai.

Suna shiga ƙarƙashinta Wiebe ya ɗaga kai. Sai na ga bakinsa ya buɗe. Bai taɓa ganin ta daga ƙasa ba.

"Rinske! Dubi cikinta! Tsatsa ce ko'ina! Har da sheƙar tsuntsu! Hylke, kai kana ganin wannan kullum ba ka faɗa mini ba?"

Na ce, "Ba ka tambaya ba, maƙwabci!"

Ya miƙe tsaye yana nuna wa kyamara wurin da yatsa, jirgin ya karkata, ruwa ya ɗan shigo.

"Zauna, Wiebe," in ji Rinske.

Ya zauna. Amma wuyansa a juye yake har suka sha kwana.